Tafadek ko Wikki: ina ya dace in kai mahaifina wankan ruwan zafi?

Baban Ummi (Unguwar Rogo, Jos):

Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, yana fama da ciwon gwiwa da sanyin ƙashi, kuma hunturun Jos yana tsananta masa har ta kai a zaune yake yin sallah. Wani amininsa ya ba shi labarin Tafadek, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke ƙasar Abzin a Jamhuriyar Nijar, tun daga ranar ya ƙwallafa rai sai an kai shi. Ni kuwa hankalina ya fi karkata ga Wikki da ke Yankari saboda kusa take. Ina roƙon waɗanda suka san wuraren su ba ni shawara, musamman game da hanya da masauki.

Alhaji Mai Atamfa (Wuse, Abuja):

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Na je Tafadek lokacin da nake fatauci zuwa Agadas, kuma abu na farko da zan faɗa maka shi ne kada ka ɗauka wurin shaƙatawa ne irin na masu yawon buɗe ido. Wurin jinya ne a tsakiyar duwatsu, arewa da Agadas, a yankin Cirozerin. Masauki bai wuce ɗaki na ƙasa ko rumfar tabarma ba, mutum shi zai ɗauko shimfiɗarsa da bargonsa da garinsa da kayan shayinsa, domin abin sayarwa kaɗan ne. Ruwan yana da zafi na gaske. Na ga wani dattijo Buzu yana tsoma ƙafa ɗaya, ya jira, ya sa ta biyu, sannan ya zauna a hankali yana salati, bayan ɗan lokaci aka kamo hannunsa aka fito da shi jikinsa sharkaf da gumi, aka lulluɓe shi.

Matsalar ita ce hanya. Daga Jos sai ka bi ta Kano da Daura, ka tsallaka iyaka a Kwangwalam zuwa Damagaram, daga can kuma akwai fiye da kilomita 400 ta Tanut kafin Agadas, sannan a nemi mota mai ƙarfi da direba ɗan ƙasa. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka ka binciki batun takardu da halin tsaro kafin ka sa ƙafa, ka kuma tanadi sefa tun daga Kano. Gwiwar da ba ta iya ruku'u, ban ga yadda za ta jure wannan zaman mota ba.

Maman Sadiq (Bukuru):

Alhaji ya yi gaskiya kan wahalar hanya, amma Malam, ka sani Wikki ruwan ɗumi ne kawai. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, wato bai kai ɗumin jikin mutum ba, wanda yake kusan 37. Idan Baba gashi yake nema, zai ce an yaudare shi. Amfaninsa shi ne mutum zai daɗe a ciki yana motsa gaɓoɓinsa ba tare da ya galabaita ba, ga ruwan garai-garai har ana hango yashin ƙasa. Daga Bauchi za ku ɗauki hanyar Gombe, ku karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, kuma akwai ɗakunan kwana a sansanin. Sai dai akwai matakala masu yawa kafin a sauka bakin ruwan, dole a riƙe shi. Ku kuma kulle ƙofa, domin gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar fizge leda daga hannun baƙo.

Ma'aikaciyar Jinya (Gwarinpa):

Yaya Baban Ummi, kafin a zaɓi wuri, shin Baba yana da hawan jini ko ciwon suga? Ruwa mai zafi sosai yana buɗe jijiyoyin jini, sai awon jini ya faɗi, mutum ya ji jiri yana miƙewa, kuma abin ya fi tsanani ga mai shan maganin hawan jini. Mai ciwon suga kuwa sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata, yana iya ƙonewa bai sani ba. Zafi yana sassauta tsoka ya rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da guringuntsin gwiwa da ya zaizaye. A Tafadek idan ya yanke jiki ya faɗi, babban asibiti yana da nisa. Ku fara ganin likitansa, a auna shi.

Baban Ummi (Unguwar Rogo, Jos):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yana shan maganin hawan jini kullum safiya, saboda haka zan kai shi wurin likita a wannan makon, in ya amince sai mu nufi Yankari. Alhaji, ina neman alfarma ka yi wa Baba bayanin hanyar Agadas da bakinka ta waya, domin zai fi karɓar maganar daga wanda ya je.