Danna dama ko shotkot, wanne zan fara koya musu?

Abban Hanifa:
Salam 'yan uwa. Ina koyar da yara kwamfuta a shagona, yawancinsu ba su taɓa riƙe maus ba. Ni shotkot ɗin kibod irin Ctrl+C (kwafi) da Ctrl+V (liƙawa) sun zame min jiki, amma in na ce su haddace sai su yi ta kallon kibod suna laluben C, wani ma sai ya saki Ctrl kafin ya danna harafin kawai ka ga c ta fito a tsakiyar rubutu. Shin in bar su da danna dama (maɓallin dama na maus mai buɗe menu) tukuna ko in matsa musu?

Maman Sadik:
Wa alaikassalam Malam. Bar su da danna dama don Allah, menu ɗin na nuna wa mutum abin da zai iya yi, ba sai ya tuna komai ba. Kuma manhajoji da yawa suna rubuta shotkot ɗin a gefe, da kansu za su tsinta. Ctrl+S (adana aiki) kaɗai zan ce ka tilasta tun ranar farko saboda ɗauke wuta, sai Ctrl+Z (dawo da aiki baya) don kar su firgita in sun goge abu.

Injiniya B:
Hajiya na yarda amma da gyara. A Windows 11 an rage menu ɗin, kwafi da yankewa sun koma 'yan hotuna ƙanana, sauran sai ka danna Show more options, to sabon shiga ina zai gane wannan? Kuma mai taifin ɗin furojet shafi 80 in duk kwafi sai ya ɗaga hannu ya nemo maus ai kwastoma zai gaji da zama. Ni F2 nake canja sunan fayil, Shift+F10 kuma yana buɗe menu ɗin ba maus.

Ɗan Maraɗi:
Malam ka dai duba wane kibod ke gabansu. Mu nan AZERTY ne, wato kibod ɗin Faransanci, A na inda Q ɗinku yake, Z na wurin W, wanda ya saba da naku in ya nufi Ctrl+Z da ka sai ya danna Ctrl+W ya rufe takardar. Word na Faransanci ma Ctrl+G ke kaurara rubutu ba Ctrl+B ba.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai. Injiniya, Shift+F10 ɗin nan a laftof ɗina bai yi ba fa, ko sai na haɗa da Fn?