Yawon dare da cin abinci a jirgin ruwan katako a Dubai: abin da aka tattauna

Jama'a maganar ta yi tsawo sosai, bari in tattaro mana ita wuri ɗaya saboda masu shirin tafiya.

1. Kusan kowa ya yarda lokacin sanyi ne ya fi, daga Nuwamba zuwa Maris. A Yuli da Agusta zafi da gumi ba sa barin mutum ya zauna a saman jirgin, sai dai ƙasa inda ake da AC.

2. Inda aka rabu shi ne wurin da za a yi yawon, Creek (mashigin ruwan teku da ya ratsa tsohon gari) ko Marina (sabuwar unguwar bakin ruwa). Masu zuwa saro kaya unguwar Deira sun ce Creek ya fi kusa da masaukinsu, ya fi araha kuma kana ganin tsohuwar Dubai, Deira a wannan gefen Bur Dubai a wancan, fitilu na rawa a kan ruwa. Matasanmu kuma Marina suke so saboda dogayen gine-gine da hotuna. Ni dai Creek ne zaɓina wallahi.

3. Tafiyar kamar awa 2 ce, don haka a yi magariba da isha kafin a hau.

4. Abinci bufe ne (ana jera shi a bi layi a ɗiba), shinkafa, gasasshen nama, kifi, kayan zaƙi. Wasu sun yaba, wasu sun ce ya huce kafin layi ya zo kansu, a je da wuri.

5. Masu iyali sun nanata a tambaya tukuna ko ana sayar da giya a jirgin, da kuma irin kiɗan da ake sawa. Rawar tanura dai (rawar jujjuyawa da faffaɗan siket da ake yi a jirgin) yara na sonta.