Cibiyar jariri: gashi ko man asibiti? Ku ba ni shawara

Mai cikin fari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, kaina ya kulle. Cikin fari gare ni, ya shiga wata na tara, jibi zan tafi goyon ciki ƙauyenmu. Daga gidanmu zuwa asibiti tafiyar awa guda ce a babur idan hanya ta yi kyau, don haka Allah kaɗai ya san inda haihuwar za ta same ni.

A awon ƙarshe nas ta ba ni wani ɗan bututun mai, an rubuta chlorhexidine a jikinsa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ta ce a riƙa shafa wa cibiyar jariri, kada a yi gashi, kada a sa komai bayan shi. Na kira Inna na faɗa mata, sai ta yi shiru, can ta ce mu tara ta haifa kuma duk da tsumma da kasko ta gasa mana cibi. Shi kuma maigida ya duba a waya, ya ce ya ga an gwada man a ƙasashen Afirka biyu bai rage mutuwar jarirai ba. To in binciken ma bai tsaya a magana ɗaya ba, da wane baki zan ja da mahaifiyata? Ba na son saɓa mata, ba na kuma son in cuci ɗana.

Maman 'yan biyu:

Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Ni dai man na shafa wa nawa biyun, cibiyarsu ta faɗi lafiya lau. Bi maganar nas.

Hajiya Babba:

'Yata, kada ku maida iyayenku marasa wayo. Gashi ba mugunta ba ce. Cibiyar da ba a gasa ba takan daɗe ba ta faɗi ba, a zo suna tana reto, mata suna kallo. Ni bakwai na raina, jikoki ban san adadinsu ba, duk da gashi.

Malamin kiwon lafiya a matakin farko:

Allah ya ƙara girma Hajiya. 'Yar uwa, abin da maigidanki ya gani gaskiya ne, sai dai rabin labarin ya gani.

Manyan gwaje-gwaje biyar aka yi a kan man nan. Uku na farko a kudancin Asiya ne: Nepal, wanda aka wallafa a 2006 da jarirai kimanin 15,000, sai Bangaladash da Pakistan a 2012. Yadda suka yi shi ne, aka raba yankuna ta hanyar ƙuri'a, wasu a shafa maganin, wasu a bar cibiya a bushe, sannan aka ƙirga waɗanda suka rasu cikin kwana 28 na farko. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada masu hali su taru a ɓangare ɗaya, a zo a ce magani ne ya yi aiki alhali wadata ce. Da aka haɗa sakamakon ukun, mutuwa ta ragu da kusan kashi 23 cikin 100. A Nepal an ga amfanin ya fi yawa ga waɗanda aka fara shafa wa tun ranar da aka haife su.

Sai 2016 aka fitar da na Afirka biyu: ɗaya a kudancin Zambiya da jarirai kusan 38,000, ɗaya a tsibirin Pemba na Tanzaniya da sama da 36,000. Duka biyun ba su ga raguwar mutuwa ba. Su ne maigidanki ya karanta.

To me ya raba su? Nan ne ya kamata a tsaya a duba. A na Asiya yawancin matan a gida suka haihu, kuma mutuwar jarirai tana da yawa a wuraren. A na Zambiya da Pemba fiye da rabi a asibiti suka haihu, kuma mutuwar ba ta wuce kimanin 15 cikin 1,000 ba. Sannan abin da ya fi muhimmanci gare ki: ba da gashi aka gwada man ba. Waɗanda ba a shafa wa ba, an koya wa iyayensu su bar cibiya a bushe, a tsaftace, ba a sa mata komai. Wato sakamakon cewa yake man bai fi tsafta ba a inda tsaftar ta samu. Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya ce tsumman gashi ko man goge baki daidai suke da shi.

Yanzu ki tambayi kanki, ƙauyenku wanne ya fi kama? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Najeriya jarirai 39 cikin 1,000 ke rasuwa kafin su cika wata, kuma a karkarar Arewa yawanci a gida ake haihuwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce a bar cibiya a bushe a tsaftace, amma a shafa man a satin farko a wuraren da aka saba sa mata abubuwa masu cutarwa irin su kashin dabbobi. A ganina halinki ya fi kusa da inda man ya yi amfani. Jihar Sakkwato ta fara raba shi a ƙauyuka tun 2013 saboda irin wannan dalili.

Hajiya Babba:

To malam, batun jinkirin faɗuwar fa? Ƙarya na yi?

Malamin kiwon lafiya a matakin farko:

Ba ki yi ƙarya ba Hajiya, gwaje-gwajen ma sun nuna man yakan ƙara wa faɗuwar cibiya kwana ɗaya ko biyu. Amma jinkirin ba ciwo ba ne. Cibiya kan faɗi tsakanin kwana 5 zuwa 15, don haka in ta kai ranar suna ba ta faɗi ba, ba abin damuwa ba ne muddin ba ta ja, ba ta wari.

Anti nas:

Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da idona yake gani a ɗakin jarirai. Ana kawo mana yaro ɗan kwana biyar ko shida, an naɗe shi a zani, uwar tana cewa tun jiya ya ƙi nono. Ka buɗe ciki ka ga gefen cibiya ya yi jawur, fatar ta saɓule inda tsumma mai zafi ya taɓa, mugunya tana fita. Wani ma ka ga farin man goge baki ya bushe a kai. Cibiya ɗanyen rauni ce mai jijiyoyin jini da suka shiga ciki kai tsaye, ƙwayar cuta in ta samu ƙofa sai cikin jini.

Hajiya, da girmanki, yaran da gashi bai yi wa komai ba suna nan ana ganinsu ana ƙirga su. Waɗanda suka tafi kafin suna kuwa cewa ake yi kwana ya ƙare, ba wanda ya koma ya duba cibiyar. Shi ya sa ake buƙatar ƙirga dubbai, gida ɗaya ba ya nuna wannan.

Gargaɗi ɗaya da nake so ki riƙe da hannu biyu: man nan ba ya zuwa kusa da ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa cewa tun daga 2015 an samu sama da yara 40 a ƙasashen Afirka tara da aka sa musu shi a ido bisa kuskure, an ɗauka maganin ido ne, wasu har suka makance. Ki ajiye shi daban, ki nuna wa duk wadda za ta yi wa yaron wanka.

Yadda ake yi: a wanke hannu da sabulu, a shafa a bakin cibiyar da kewayenta tun ranar farko, sau ɗaya kullum har sati ya cika. Kada a ɗaure, a naɗe kunzugu ƙasa da ita ta sha iska. In haihuwa ta zo a gida, sabuwar reza da zare mai tsafta. Allurar tetanus ta awo ma ki tabbata kin yi. In kika ga ja yana bazuwa a fatar ciki, ko mugunya, ko wari, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana sandarewa, ku hau babur a daren, kada a jira gari ya waye.

Uwargida a Maraɗi:

Ni ta wajen Inna zan yi magana. Kada ki je mata da "likitoci sun ce", za ta ji kamar kin raina renon da ta yi muku. Tsohuwa so take hannunta ya taɓa jikanta. Da na haifi na uku, surukata na miƙa wa bututun, na ce Mama ke za ki riƙa shafawa, hannuna rawa yake. Kullum bayan wankan safe sai ta wanke hannu, ta zauna a bakin gado, ta yi bisimilla ta shafa, har ta riƙa korar masu zuwa barka da ke son ɗaga rigar yaro. Wankanki na jego da kununki ki bar mata su yadda ta saba, cibiyar kaɗai za ki roƙa.

Mai cikin fari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida bayanin malam, ya ce bai lura da cewa ba da gashi aka gwada ba. Ya ce zai kai ni da kansa ya yi wa Inna magana a gaban Baba, ya kuma bar kuɗin mota ko da naƙuda ta zo da dare, don a yi ƙoƙarin kai ni asibiti. Na sa bututun da sabuwar reza da sabulu a leda ɗaya cikin jakar haihuwa, na rubuta "na cibiya, ba na ido ba" a jiki. Anti nas, bututu ɗaya zai kai satin, ko in karɓo na biyu kafin in tafi?

Anti nas:

An yi shi ne don ya kai satin, amma karɓi na biyu, ƙauye ba wurin nema ba ne. Allah ya sauke ki lafiya.