Musayar waƙa: wai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya a majalisa wani ya rantse wai cin kare laifi ne a ko'ina a duniya, na ce masa a gidanku dai. Ga nawa, mai ja ya fito.

Kowane tsuntsu da kukan gidansu,
Abin da ka ƙi, wasu shi ne bukinsu,
Kare a Kalaba nama ne wajensu,
Kai mai cin fara wa ya tuhume ka?

Auren zumunci mu ne muke yinsa,
Ibo ya ji sai ya kama bakinsa,
Kowa da mudun da yake awonsa,
Wa ya ce a auna duniya da naka?

Malam Bazazzagi:
Tunda Kalaba ka kai mu ɗan uwa,
A da can tagwaye daji ake kaiwa,
A sa su a tulu a bar wa mutuwa,
Uwar a kore ta, shi ma kukan gida ne?

Mary Slessor ta zo tana tsincewa,
Ta goya, ta raina, ba ta gajiyawa,
Da kai ne a gurin da sai ka yi tsawa:
"Baturiya bar su, mudunsu ne!"

'Yar Damagaram:
Kai Malam Allah ya ƙara basira!! Ɗan Fagge a sha ruwa a kwanta 😂 ni dai ƴan biyu gare ni, Hassana da Usaina, karanta baitin nan sai da jikina ya yi sanyi wlh

Ɗan Fagge:
Hajiya ke dama ko tari Malam ya yi sai kin ce baiti ne.

Malam ka hau mumbari kana huci,
Kakanka bayi ya tara a rinji,
Shi ma daidai yake gani, ba zalunci,
Sai 1936 doka ta yi hukunci,
To ina mudun nan guda da kake faɗi?

Sarkin Kari:
Tsaya tsaya. Ɗan Fagge wannan ɗangon na huɗu mene ne? alif ɗari tara da talatin da shida gaɓa 13 ke nan tun kafin ka ce doka, wa zai rera wannan bai shiɗe ba? kuma ka fara da ƙwar huɗu ka koma ƙwar biyar, amsa-amon ma rinji da huci ba su haɗu ba

Ɗan Fagge:
Shi Malam da ya cusa Mary Slessor a ɗango ba ka gani ba ko? son kai

Sarkin Kari:
Nasa ya hau, rera ka ji. Naka keken guragu ne.

'Yar Damagaram:
Sarkin Kari kai ma fa ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba, kullum gyara

Malam Bazazzagi:
Afuwan, wuta aka ɗauke tun jiya waya ta mutu.

Ka zagi kakana, na gode ƙwarai,
Da wane mudu ka auna shi sarai?
In kowa da nasa, rinjinsa daidai,
Ka ari nawa ka buge ni da shi!

'Ya mace da rai Larabawa sun binne,
Takwir ta ce za a tambaye ta zunubin me ne...

na biyun bai ƙarasa ba, caji 4% ne

Sarkin Kari:
Malam wannan ɗangon na ƙarshe kam ko ni ba zan iya kare ka ba.

Ɗan Fagge:
Alhamdulillah yau Sarkin Kari ya ga gaskiya. Malam je ka yi caji, ina nan ina haɗa maka ƙwar biyar kan kakan nan naka, ban gama da shi ba.