An sauke ƙanena daga jirgin ruwa, ina za mu kai ƙara?

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Daga Tahoua nake rubutowa. Ƙanena ya samu aiki a Kwatano, a jirgin ruwan dakon kaya mai tutar Laberiya, bisa yarjejeniyar wata tara. Bai cika wata huɗu ba aka sauke shi a Abijan, babu takardar sallama, babu albashin wata biyu, har sai da muka sayar da rago muka aika masa kuɗin mota.

Yarjejeniyar MLC ta 2006, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa, ta wajabta sanarwar aƙalla kwana 7 kafin a sallami ma'aikaci da kuma mayar da shi gida, amma kamfanin da ya ɗauke shi ya daina amsa waya. Shin Benin za mu kai ƙara, ko Laberiya, ko wajen sufetocin ITF, wato ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan sufuri ta duniya? Takardar aikinsa tana hannunmu.