Neman shawara: karena na rugawa wajen wasu karnuka idan na kwance shi

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da kare ruwa biyu, Alsatian da na gida, wata 14. Ƙanena ya bar min shi da zai tafi bautar ƙasa, da ƙyar ma mai gidan hayarmu ya yarda. Bayan asuba nake kwance shi a filin bayan unguwa. Shekaranjiya ya ruga wajen karen wani da ke ɗaure a igiya, suka kaure. Mutumin ya ce zai kai ni wurin mai unguwa. Ya zan yi?

Mai horar da karnuka: Malam, laifinka ne. Duk wanda ka hango da kare a igiya, ka kira naka ka ɗaure tun kuna nesa, kamar taku 30. Ɗaurarren kare ba shi da hanyar gudu, sai cizo. Ka tambayi mai shi kafin su shinshini juna. In ya yarda, ku zo ta gefe, ba gaba da gaba ba, igiya a hannu amma ba a ɗame ba, ka ƙirga uku ka kira naka. In ka ga wutsiya ta sandare, gashin baya ya tashi, ido a kafe, juya kawai.

Wani mafarauci: A daji barinsu ake su gane babba da kansu. Matsalar 'yan birni ke nan, kare ya wuni a keji ya fito kamar mahaukaci.

Mai horar da karnuka: Baba, naku tare suka taso. Waɗannan baƙin juna ne.

Mai tambaya: Wallahi wasa yake, bai taɓa cizon kowa ba. Kuma filin ai ba na mutumin ba ne.

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi: Ba ka ce ko an yi masa allurar haukan kare ba. Daga wata 3 ake farawa, a maimaita duk shekara. In haƙori ya taɓa mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, sannan asibiti a ranar. Karen mutumin mace ce? In tana lokacin barbara, kusan mako 3 da wuya namiji ya ji kira.

Mai horar da karnuka: Don koya masa amsa kira, samo igiya mai mita 10 da gutsuttsuren busasshen kifi. Kira shi sau ɗaya tak, ya zo ka ba shi, ka sake shi ya koma. In kullum kiranka na nufin tafiya gida, zai daina zuwa. In sun kaure kuma, kada ka kai hannu wuya. Kowa ya ɗaga ƙafafun bayan nasa kamar baro, ku ja da baya lokaci guda.

Wani mamba: Har masu dawowa daga masallaci ba a raga wa, kare ya lashe wa mutum riga mai shi na dariya.

Mai tambaya: Mita 10 kuma? Ai zai harɗe. Maganar mai unguwar fa, in je ko in ƙyale?