Abin da aka ce kan tace ruwa da yashi da gawayi

Da damina ruwan rijiya a Rigasa kan koma ja, shi ya jawo hirar a majalisarmu. Shawarar da ta fi rinjaye: a huda gindin bokiti, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, a zuba dakakken gawayi, sai yashi mai laushi, tsakuwa a sama. Wani dattijo ya nace a wanke yashin har ruwansa ya fita garau, kuma a zubar da tatar farko, don baƙi ƙirin take fitowa. Gawayin da kananzir ya taɓa kuwa, a bar shi.

Inda aka yi gardama shi ne sha kai tsaye. Ni ina tare da masu cewa a tafasa tukuna, tunda gawayi wari yake ragewa, ba ya kashe ƙwayoyin kwalara.